Takaba a Bayan Injin Niƙa

Matso kusa ka ji, don muryata ba ta kai nesa yanzu. In ka ga na tsaya a tsakiyar zance, ba mantuwa ba ce, numfashi nake jira ya iso. Akwai abin da na aikata a cikin takabata wanda har yau ban san sunan da zan ba shi ba, kuma gara ka ji shi daga bakina tun daga tushe.

Gidanmu yana wani ƙauye ta wajen Badafi, a ƙasar Ƙiru. Ni ba mai yawo ba ce. Ko biki ake a dangi sai an turo mini sau biyu, in na je kuma kafin la'asar na fara lalubar takalmina. Ɗakina ya ishe ni duniya. Shi ne na farko a hannun dama in ka fito daga zaure, kuma bangonsa na baya shi ne bangon shagon injin niƙa. Bango ɗaya ne tsakaninmu, ni a nan, inji a can, shekara talatin da 'yan kai.

Maigidan ne ya sayo shi, shekarar da na yaye ta biyu. Ranar da aka sauke shi daga mota har guɗa mata suka yi, don kafin nan in kana son gari sai turmi da dutsen niƙa, ko ka ɗora hatsi a ka zuwa wani gari. Aka koma ce mini matar mai inji. Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗin sunan.

Gas yake sha. Da hantsi sai a wana shi da hannu, ya yi tari sau uku ko huɗu kamar tsoho, sannan ya kama, ba zai tsaya ba sai gab da magariba. Salansarsa, bututun hayaƙin nan, ta ɓullo ta saman bango, kusa da 'yar tagata. In iska ta yi mana kirki sai ta kwashe hayaƙin ta yi titi da shi. In ta kwanta kuwa, sai ya gangaro tsakar gida ya zauna tare da mu. Kwanukan jerena in na goge da safe, da yamma sai ka rubuta sunanka a kansu da yatsa. Farin zane bai taɓa wuni fari a igiyata ba.

Karatuna bai yi nisa ba, amma Allah ya ba ni kunne. Ina zaune a ɗaki zan gaya maka abin da ake niƙawa. Masara tana ƙara kamar ana zuba tsakuwa a tasa. Gero yana shiga a ladabce. Jiƙaƙƙen wake na mai ƙosai shi kuma kamar mutum yana tafiya cikin taɓo. In bel ya saki, sai ka ji yana tafi, ɗas, ɗas, kamar ana marin yaro. Akwai kuma wata ƙara can ƙasa, ƙwas-ƙwas-ƙwas, kamar mai zobe yana ƙwanƙwasa ƙyaure a hankali. Wannan, inji ne yake neman baƙin mai. In na ji ta sai in ɗauki muciya in bugi bango sau uku. Maigidan zai kashe inji ya duba, kuma ban taɓa sa shi ya kashe a banza ba. Har alfahari yake yi a gaban mutane, ya ce, "Ni bakanikena yana cikin gida, tuwo kawai nake biyansa."

Tari ya kama shi shekara shida kafin rasuwarsa. Busasshen tari, mai ɗan fito a ƙarshensa. Da aka kai shi asibiti likita ya tambaye shi taba nawa yake sha a wuni. Ya ce shi bai taɓa sa taba a bakinsa ba. Likita ya ce, to me kake shaƙa? Ya dawo yana ba ni labari yana dariya, yana tari. Ya rasu a farkon bazara. Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi nan.

Na shiga takaba. Wata huɗu da kwana goma, ba fita. Yayarsa, wadda yara suke kira Goggo, ta tattaro ƙullin kayanta ta dawo gidan don ta zauna da ni. Mace ce mai tsare al'ada kamar yadda ake tsare wuta a damina. Ita ta kwance mini 'yan kunne, ta ɗauke kwalli da turare, ta miƙo mini 'yar wuƙa ta ce in riƙa riƙewa. Ta ce magana ƙasa-ƙasa, tafiya sannu-sannu, kitso sai Juma'a. Wasu daga ciki na san addini ne, wasu na san na tsofaffi ne, amma duk na karɓa. Mijina ne. Ban ga abin da ya yi mini yawa ba.

Bayan addu'ar bakwai ƙaninsa ya buɗe shago. Shi ne autan ɗakinsu, Auta muke ce masa har ya yi furfura. Da can abokin wasana ne, ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Ban ga laifinsa ba da ya buɗe. Unguwa guda ce take jiran gari, shi ma yana da iyali a gidan. Amma da na ji injin ya yi tarinsa na safe, ba hannun maigidan ne ya wana shi ba, sai na kifa kaina a gwiwa.

Ni ma ina da fuka, ta daɗe tare da ni. Dabarata a da ita ce, in hayaƙi ya yi yawa sai in yafa mayafi in bi ta ƙofar baya zuwa gidan maƙwabciyata, mu zauna a gindin mangwaronta daga azahar zuwa la'asar, muna tsinkar zogale muna gulmar duniya. Taku ashirin ne, bai fi ba. Ban san wannan taku ashirin ɗin ne yake riƙe da ƙirjina ba sai da aka ce babu shi.

Ga shi bazarar shekarar nan ba irin wadda muka sani ba ce. Kaji suna yawo baki buɗe. Ruwan randa kamar an ɗumama shi don jego. Lokacin da muke yara, war haka an yi ruwan shuka, amma sama ta yi fari fat, ko gajimare ɗaya na gaisuwa babu. Iska ta ɗauke ƙafa. Hayaƙin ya fito daga salansa, ya duba gabas ya duba yamma, ya rasa mai ɗaukarsa, sai ya shigo ta tagata. In na rufe taga zafi ya dafa ni, in na buɗe hayaƙi ya shaƙe ni. Ina da 'yar rediyo da nake kunnawa ƙasa-ƙasa don kada Goggo ta yi magana. A nan na ji wani yana bayani cewa hayaƙin injuna da motoci na duk duniya ne yake taruwa a sama ya zama kamar bargo, shi ya sa zafi yake ƙaruwa, damina take rikicewa. Na dubi rufin ɗakina da ya yi baƙi, na ce a raina, wannan malamin bai faɗi abin da ban sani ba, ni a cikin bargon nake kwance.

Auta ba mugu ba ne. Da matarsa ta gaya masa halin da nake ciki, ya samo wani guntun bututu ya ƙara wa salansar tsawo. Hayaƙin ya ɗan ƙara hawa sama, sannan ya sauko inda ya saba sauka. Aka ce in koma wani ɗakin, amma tsakar gidan namu tafin hannu ce, duk ɗakin da ka shiga ɗaya ne.

Wata rana bayan azahar, ba a yi arba'in ba tukuna, ƙirjina ya rufe. Ina jan iska kamar ana jan guga a rijiyar da ta ƙafe. Aka kira 'yata ta fari, wadda take aure a Tudun Wada. Kafin la'asar ta iso tare da malamar asibitin unguwarmu. Malamar ta sa abin awonta a bayana ta saurara, ta fesa mini magani a baki, ta jira har na iya amsa sannu. Sannan ta ce:

"Inna, gara ki zo asibiti. Akwai na'urar da za a sa miki a hanci, maganin ya shiga kamar tururi. Da can sai mun jira wuta, yanzu an sa mana sola, ko yaushe kika zo tana aiki."

Goggo tana bakin ƙofa ta ce, "Mai takaba ce fa, 'yar nan."

"Na sani, Goggo. Ai larura ce."

'Yata ba ta tsaya musu ba, ta aika aka tambayo liman. Amsa ta dawo cewa mai takaba tana fita don neman magani, babu laifi a kanta ko kaɗan. Goggo ta taɓe baki ta ce, "To, malamai sun faɗa. Mu dai a zamaninmu ko gobara ake sai ta kai ƙofar ɗaki."

Kowa ya juyo yana kallona. A nan ne zan gaya maka gaskiya: ba Goggo ce ta ɗaure ni ba. Ƙofar baya gidan maƙwabciya kawai take kaiwa, hanyar fita titi ɗaya ce, ta zaure, ta gaban shago, inda mata da 'yan mata suke jere da kwanukansu suna jiran layi. Na hango kaina ina ratsa su, mijina bai yi arba'in a ƙasa ba. Na san babu wadda za ta ce uffan. Na kuma san abin da za a faɗa a bakin rijiya washegari, har da muryar da za a faɗe shi. Kunne mai kaifi ba kullum yake alheri ba. Na ce, "Na ji sauƙi. A bar shi."

Malamar ta daɗe tana dubana. Ta ajiye mini abin fesawar ta ce, "To ga wannan. Amma Inna, shara muke yi iska tana dawo da ita. Ciwonki ga shi can a bayan bango."

'Yata ta kwana biyu. Ita ta fara kawo zancen wani injin niƙa da aka kafa a unguwarsu, wanda ba ya shan gas. Ta ce faifan sola ne aka jera a kan rufi, rana ta buga su, su ba wa inji wuta. Babu hayaƙi, babu wanawa. Na ce, rana dai, wannan da take gasa mu? Ta ce ita. Na ce ashe tana da wani aikin ban da mugunta. Ta je ta sami baffanta Auta da maganar. Ina jin su ta bango. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce:

"'Yata, zancenki gaskiya ne, na ma taɓa ganin irinsa a Kwanar Dangora. Amma injin nan yanzu ba nawa ba ne, ba na uwarki ba ne. Gado ne. Ko ƙusa ɗaya ba zan cire ba sai ta fita takaba malamai sun zauna sun raba. Kina so a ce na ci kayan marayu?"

To ka ji yadda abin ya ƙullu. Ni ba zan fita ba sai takaba ta ƙare. Inji ba za a taɓa shi ba sai takaba ta ƙare. Kuma ba za a kashe shi ba, don mutane za su ci tuwo. Kowa yana kan gaskiyarsa, ni kuma ina tsakiya ina ƙirga Juma'o'i.

An yi wata biyu da 'yan kwanaki, ranar wata Talata da hantsi, ana niƙa dawa, sai na ji ta. Ƙwas-ƙwas-ƙwas, can ƙasa. Ban ma san lokacin da hannuna ya ɗauko muciya ba. Na matsa jikin bango, na ɗaga ta.

Sai na tsaya.

Ban shirya ba, wallahi. Ban kwana da niyyar a raina ba. Hannuna ne kawai ya ƙi sauka. Na ce wa kaina, ai mai takaba ba ta buge-buge, Goggo ta ce komai a hankali. Na san ƙarya nake yi wa kaina tun kafin in gama faɗa. Na mayar da muciyar cikin kwando.

Auta bai ji ba. Ba zai ji ba, shekarun da ya yi yana taya yayansa sun cinye masa rabin kunne, kuma a shagon nan ba a saba duba baƙin mai ba sai bango ya yi magana. Laraba ƙarar ta ƙaru. Ina sallar azahar ina jin ta, har na rasa raka'a ta nawa nake. Na ce gobe zan buga. Alhamis da hantsi, ina riƙe da kofin koko, sai aka ji wani gwaram, kamar an jefar da tukunyar ƙarfe daga kan soro. Bel ya yi ɗas, ɗas, ɗas, a hankali, ya tsaya. Wata yarinya a layi ta ce, "La, inji ya buga."

Kwana goma sha biyu ya yi a kwance.

Ban san gidanmu yana da sauti haka ba. Na ji kurciya a kan darbejiyar masallaci. Na ji guga yana taɓa ruwa a rijiyar bayan gida. Matan Fulani masu nono, da sai sun shigo zaure nake sanin sun zo, yanzu tun daga bakin gari nake jin tallarsu. A rana ta huɗu na karanta Fatiha ban yanke ta don neman iska ba, na sallame na zauna ina mamaki. Na wanke farin mayafi na shanya, na ɗauke shi fari. Abin fesawar nan ya yi mako a ƙarƙashin matashi ban nemi inda yake ba. Goggo ta ce, "Kin ga? Haƙuri magani ne. Da kin fita da yanzu an ce asibiti ne." Na ce, "Haka ne, Yaya."

Amma kunnen da ya ji kurciya shi ne ya ji turmi. Unguwa duka ta koma daka. Kuma ni ina gane hannun kowa. Na ji maƙwabciyata mai mangwaro, wadda ta girme ni, tana daka ita kaɗai, taɓarya tana sauka tana jinkiri. Na ji matar Auta, da tsohon ciki, ta buga goma ta tsaya, ta buga goma ta tsaya. Mai ƙosai ta daina suya. Masu hali suka riƙa ɗora buhu a acaɓa zuwa Kwanar Dangora. Shi kuwa Auta yana zaune a ƙofar shago daga safe zuwa yamma, masu wucewa suna yi masa jaje mai ƙaya a ciki.

"Sannu Auta. Ikon Allah, marigayi shekara talatin bai taɓa buga inji ba."

"Ai hannu hannu ne," in ji wani.

"Wata biyu kacal, ka ce dai gadon bai karɓe ka ba."

Yana cewa, "Haka Allah ya so." Ni ina bayan bango, iska tana shiga ƙirjina har ƙasa, daɗi kamar ruwan sanyi, kuma kowane numfashi da na ja sai in ji kamar na sato shi daga bakin wani.

Aka yi zama a zaure: Auta, da Goggo, da wani kawunsu tsoho, da mijin 'yata da ya zo takanas daga Tudun Wada. Ni ba a kira ni ba, mai takaba ba ta zama cikin maza, amma asabarin ƙofata ba ya tare magana. Surukina ya ce tunda injin ya riga ya mutu, me zai hana a yi na sola gaba ɗaya, rufin shagon yana samun rana tun daga fitowarta. Tsohon ya yi gyaran murya ya ce:

"Yaro, ka yi magana mai kyau. Amma gyara daban, canji daban. In aka gyara, an riƙe amanar mamaci yadda ya bar ta. In aka canza, an taɓa gado kafin rabo. A gyara."

Aka shafa fatiha. Washegari bakanike ya zo daga Kwanar Dangora da buhun ƙarafa.

Ana gobe za a tayar da shi, bayan la'asar, Auta ya zo gaishe ni kamar yadda yake yi kullum, yana tsugune a waje, asabari a tsakaninmu. Muka gaisa, ya yi mini ya haƙuri, na yi masa. Bai tashi ba. Can ya ce:

"Matar Yaya, bakanike ya ce ba a wuni ɗaya inji yake ƙonewa haka ba. Ya ce ya yi kwana biyu ko uku yana kuka. Na ce ikon Allah, ga mai kunne a bayan bango. Ko takaba ta taɓa kunnen ne?"

Da wasa ya faɗa, irin wasanmu na da. Ya buɗe mini ƙofar da zan bi in fita, in ce e, baƙin ciki ya toshe mini kunne. Na ce:

"Na ji, Auta. Tun ranar Talata."

Na ji akuya tana tuƙa a bayan rumbu.

"Muciyar ce ta ɓata?"

"Tana nan."

Ya buɗe baki zai yi magana sai tari ya riga shi. Busasshe, mai ɗan fito a ƙarshe.

"Auta, wannan tarin yaushe ya fara?"

"Mura ce."

"A wannan zafin? Na san shi. Shekara shida ina kwana da shi a ɗakin nan."

Na ji ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa. Bai zage ni ba, bai kuma ce ya yafe ba. Ya ce, "Ki gama takabarki lafiya, Matar Yaya. Zancen sola kuma, bayan kaka ma gani." Har yau bai gaya wa kowa abin da na faɗa masa ba. Ya bar mutane da zancensu na hannu hannu ne. Wannan ya fi mini zagi nauyi.

Da hantsi inji ya yi tarinsa ya kama. Mata suka yi guɗa kamar ranar farko. Na laluba ƙarƙashin matashi.

Sauran kwanakin ba sai na ja ka cikinsu ba. Ruwa ya sauka a makare, hayaƙi ya ƙara nauyi a cikin laima. Na cika wata huɗu da kwana goma ban taka zaure ba. Ranar fita aka yi mini kitso da lalle, aka raba waina sadaka, Goggo ta karɓi wuƙarta ta rungume ni tana kuka, ta ce na fita kunyar ɗan'uwanta. Fitata ta farko asibiti na nufa, aka sa mini na'urar nan a hanci. Ina zaune ina neman ƙarar janareto, babu. Ta biyu, na ce 'yata ta kai ni in ga injin nan na unguwarsu.

Na tsaya a gabansa na rufe ido. Hatsi yana ƙararsa, wannan ba makawa, masara masara ce ko a ina. Amma bugun nan da yake shiga ƙashin mutum babu shi. A ƙarƙashi sai wani zuuu, kamar zuma a kogon bishiya. Na ja iska, ƙanshin gari kawai na ji. Mata biyu a gefena suna gulmar wata, ba sa ko ɗaga murya, na ji komai har sunan mijinta. Mai injin ya ce mini ranar da hadari ya rufe sama yakan rage ƙarfi, sai a bi shi a hankali, ban da wannan ba shi da kuka da shi. Na ce, "Madalla. Amma ɗana, bel ɗinka ya saki." Ya duba, ya ɗago yana kallona. 'Yata ta ja ni muka tafi.

Da aka raba gado ɗakina ya zauna a hannuna, shago da inji suka zama na 'ya'yana, Auta yana riƙe musu. 'Yata ta gyara mini ɗaki a gidanta ta ce in dawo Tudun Wada. Na gwada. Kwana goma sha tara na yi. Surukina mutumin kirki ne, amma ina jin takunsa sai in rasa inda zan sa ƙafata, ko tari ba na iya yi da daɗi a gidan suruki. Na ce a mayar da ni ɗakina. 'Yata ta yi fushi, ta huce, ta sa aka ɗora mini ɗan faifan sola ɗaya a kan rufi. Yana ba ni fitila da fanka. Fankar tana ƙoƙarinta, sai dai abin da ta samu a ɗakin shi take juyawa.

Kaka biyu ta wuce. Ta farko ruwa ya ɗauke, masara tana goyo, kowa ya san ba shekarar sabon abu ba ce. Ta biyu Auta ya ce a ɗan ƙara haƙuri, injin bai daɗe da gyara ba, asara ce a yar da abu yana aiki. Yara suna jin nauyinsa, ba sa iya matsa masa. Ni kuma bakina ya mutu a kan maganar tun ranar nan ta la'asar. Yana gaishe ni kullum, amma wasan nan namu bai dawo ba. Wani lokaci in ya kashe inji don sallah, nakan ji wani ɗan fis, fis, ta bango. Na san sautin. Irinsa ne a ƙarƙashin matashina. Bai san na sani ba.

Abin da ya sa na ce ka matso shi ne wannan. Jiya da hantsi, ana niƙa gero, na ji ta. Ƙwas-ƙwas-ƙwas. Yau ta ɗan ƙaru. A lissafina yana da gobe, da ƙyar ya kai jibi. Bakanike ya faɗa tun wancan karon, ina ji ta bango, cewa in ya sake bugawa ba ya gyaruwa. Yanzu babu gadon da ba a raba ba, babu tsohon da zai ce a gyara. In na yi shiru, wataƙila a ɗora faifan nan a rufin shago, ni da Auta mu sha iska. Wataƙila kuma shagon ya zauna a rufe, unguwa ta koma turmi, kuma wannan karon ba sai ya zo ya tambaye ni ba, ya riga ya san wadda ta ji. In na buga, zai kashe ya zuba mai, ya gode mini, injin ya ƙara wasu shekarun, tare da abin da yake fitowa daga salansarsa.

Ga muciyar nan a gefena, tun jiya ban yi tuwo da ita ba. Kai da ka ji komai, gaya mini tsakaninka da Allah: in bugi bangon, ko in mayar da ita kwando?